Amsa ga Alhaji kan yoyon mai a Porsche 911

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhaji, barka da yamma, na saurari saƙonka cewa Porsche 911 ɗinka ta 1982 tana ɗigar da mai a inda take kwana, kuma wani makanike a nan Yamai ya ce sai an sauke inji an canza juwan (zoben da ke hana mai tsiyaya) da ke bayan ambiriyaj, wato kuloci. Don Allah a dakata da sauke injin tukuna.

A fara da awon man. Wannan mota ba a cikin ƙasan inji take ajiye mai ba, tanki gare ta daban a gefe, saboda haka ana duba sandar awo ne bayan inji ya yi zafi, yana aiki a hankali, motar kuma tana tsaye a wuri mai daidai. Yaron da ya saba da Toyota zai duba da sanyin safiya, ya ga kamar babu mai, ya ƙara lita biyu ko uku, sai rarar ta bi bututun numfashi, wanda ke fitar da tururin mai, ta shiga akwatin iska, ta riƙa tsiyaya tana hayaƙi. Wajen lita 10 take sha idan an yi bidanj, wato canjin mai.

Idan awo daidai yake, a wanke injin tas, domin ƙurar Yamai da mai sun riga sun zama laka, kuma fankar da ke sanyaya injin tana watsa man ko'ina. A bar shi ya bushe, a barbaɗa hoda a wuraren da ake zargi, a tayar na minti 15, sannan a bi sawun man da tocila daga sama zuwa ƙasa. A saman injin, can ta wajen ambiriyaj, akwai abubuwa uku kusa da juna: na'urar da ke kunna fitilar mai, zoben roba na tamostat (abin da ke daidaita zafin mai), da juwan ɗin murfin numfashi. Man da ya fita daga nan yana gangarowa ne daidai inda makaniken naka ya gani, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a fara tuhuma.

Daga ƙasa kuma a duba murafun bawul da bututu huɗu masu mayar da mai daga kulas (kan inji), waɗanda robarsu ke bushewa da zafi irin namu na watan Afrilu. Akwai irin waɗannan bututun masu ɓari biyu da ake sakawa ba tare da an kwance inji ba. Kada a ɗaure goron murfi da ƙarfin tsiya, murfin lanƙwashewa yake yi, kada kuma a cika shafa silikon, domin gutsurensa yana toshe hanyoyin mai.

Ka turo mini hoto bayan an wanke, ranka ya daɗe, musamman ta wajen tayar baya ta dama, inda tankin man yake.