Amsa ga Alhaji kan fitilun sola da kududdufan Kano

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji abin da ka ce, wai tunda an kakkafa fitilun sola a tituna ai gari ya fara gyaruwa, ƙorafin me muke yi kuma. Na san inda ka dosa, so kake a ce ba ma yaba abin kirki. Muna yabawa mana. Tashar sola ta Kumbotso mai megawat 10 da Buhari ya buɗe a farkon 2023, wa ya ce ba aiki ba ce? 'Yan kasuwar Sabon Gari ma an sa musu sola a shaguna, ƙarar janareta ta ragu. Amma fitila ba ta shanye ruwan sama, Alhaji.

Ni maganar kududdufai nake yi. Mutanen da, inda suka haƙi ƙasa suka gina badala da gidajensu, ramin nan shi ya zama matattarar ruwan unguwa. In aka sheƙa ruwan Agusta can yake taruwa, ya nutse a hankali, rijiyoyi su samu, ragowar ya gangara rafin Jakara. Yanzu fa? A fara da zuba shara, sai tifa ta riƙa kawo ɓaraguzai da daddare, kafin ka ankara an yanka fuloti. Akwai wani kududdufi a bayan layinmu da yara ke kamun tarwaɗa, yau bene ne. Mai benen ya ɗaga dandamalinsa har ƙugu, ruwan kuma ɗakin wata tsohuwa maƙwabciyarsa yake shiga. Duk damina sai an ɗora mata katifa a kan bulo, jikokinta na kwarfa da roba. Shi kuwa har sola ya sa a rufi!

Kun manta ambaliyar kasuwar Kantin Kwari a 2022? Atamfa da shadda dila-dila suka jiƙe, 'yan kasuwar da kansu suka ce gine-gine ne suka toshe hanyar ruwa.

Na san wani zai ce ai kududdufi sauro yake tarawa, yara ma suna faɗawa. Gaskiya ne. To a yashe shi, a katange, a dasa darbejiya a gefe, a hana juye kwata a ciki. Cikewa dai ba magani ba ce. Maganar filayen jikin badala kuwa... a'a, bari in bar wannan, kar a cire ni daga guruf.

Kai ma Alhaji, batiran solar shagonka a ƙasa na gan su. Ka sa kafinta ya yi musu kanta kafin ruwa ya kankama.