Allurar gudu tana tsalle, sitiyari yana rawa: me ke damun Mazda MX-5 ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Mazda MX-5 ƙirar 1994, 'yar Amurka, wadda suke kira Miata a can. Allurar agogon gudu tana tsalle idan ina tafiya a hankali, ina kuma jin wani ƙiƙi-ƙiƙi a bayan dashbod, amma lissafin nisan tafiya yana ƙirgawa yadda ya saba. Idan na gwada da wayata, sai na ga gudun da take nunawa ya fi na agogon motar. Ga kuma sitiyari: da na kai wajen kilomita 100 zuwa 110 sai ya kama rawa, in na wuce nan ko na rage sai ya lafa, kuma a miƙaƙƙen titi a karkace yake zuwa hagu. Da na saye ta mai faci ya sa min tayoyi masu ɗan tsayi saboda ramuka. Bakanikena ya ce sai an sayi sabon agogo da sabon rak (ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba), sannan a cire sitiyarin a mayar da shi daidai. In biye masa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Agogo da rak su ne mafi tsada a duk abin da za a iya zargi, kuma bisa bayanin da ka yi su ne na ƙarshe da zan zarga. Ƙorafi huɗu ka kawo, biyu daga ciki ina kyautata zaton daga tayoyin nan suka fito, don haka da su za mu fara.

Je ka duba rubutun da ke gefen tayar. Mazda ta fitar da wannan mota da taya 185/60 R14, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 578 ne. Wadda nake zaton mai faci ya sa maka ita ce 185/70 R14, mai tsayin kimanin milimita 615. Bambancin ya haura kashi shida cikin ɗari. Agogon ba ya ganin titi, juyawar ƙarfen da ke fitowa daga giyabos yake ƙirgawa, yana ɗaukar cewa kowane juyi na taya nisansa kaza ne. Taya ta ƙara tsayi, nisan kowane juyi ya ƙaru, shi kuma bai sani ba. Sai ya nuna maka 100 alhali kana gudun wajen 106. Masu ƙera mota da gangan suke sa agogo ya ɗan ɗara gaskiya. Ƙa'idar Turai ma ta haramta ya nuna ƙasa da gudun gaske, ta yarda ya ɗara da kashi goma cikin ɗari da ƙarin kilomita huɗu. Saboda haka idan wayarka ce ke nuna sama da agogo, kusan kullum taya ce ta girma, ko kuma wani ya taɓa canja difaranshal, wato giyan da ke juya tayoyin baya, da wani mai rabon juyi daban. Ka kuma tabbata ƙananan lambobin ciki kake karantawa, domin manyan na motar Amurka mil ne, ba kilomita ba.

Tsallen allura kuwa wani abu ne daban. Ƙirar farko ta wannan mota, daga 1989 zuwa 1997, mai fitilun da ke ɗagowa sama, ba ta da sensar gudu a giyabos. Kebul ne ke tafiyar da agogon: wata lanƙwasasshiyar waya ta ƙarfe a cikin bututu, bakinta na ƙasa yana cikin wani ɗan giya na roba a wutsiyar giyabos, na sama kuma yana juya maganaɗisu a bayan agogo. Maganaɗisun ne ke jan wani ɗan ƙoƙon alminiyam da allurar ke kansa, wani siririn sifirin yana mayar da ita baya. Wannan kebul ɗin ne kuma ke juya lambobin nisan tafiya. Daga nan za ka iya raba laifin da kanka. Idan allura da lambobi duk sun tsaya cik, kebul ya tsinke ko haƙoran giyan robar sun cinye. Idan lambobi suna tafiya amma allura ta kwanta ba motsi, to agogon ne. Naka kuwa lambobi suna tafiya, allura tana tsalle, ga ƙara. Wannan kebul ne da ya bushe ko ya lanƙwashe: wayar ciki tana maƙalewa, ta murɗe, ta ƙwace, ta sake maƙalewa. Shi ya sa ya fi yi a tafiyar hankali, in gudu ya ƙaru sai ya ɗan daidaita.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗaga motar a kan abin tokare mai ƙarfi, kada a shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. A kwance kebul daga giyabos, a dubi bakin wayar da ke shiga giyan. Idan ya side, zamewa yake yi a cikin giyan. A murza shi da yatsu, a ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa. Wanda ke da injin huda bango mai batir zai iya damƙe bakin da shi ya juya, wani yana kallon agogo a ciki. In allura ba ta tashi ba a juya ɗaya ɓangaren. Allurar da ta tashi ta tsaya wuri ɗaya ta wanke agogon daga zargi. A bi bututun da ido a ga ko ya karye a wata kwana ko ya kusanci salansa har robarsa ta narke. Ana iya ɗiga masa mai marar kauri a samu sauƙi, amma kada a cusa masa giris, don yana daskarewa da ƙura, kuma wayar tana tura shi sama har cikin agogo. Ni dai a mota mai shekara talatin canja kebul ɗin nake ba da shawara. Wajen saye ka faɗa cewa taka mai tuƙin hagu ce, saboda na motocin Japan da Ingila masu tuƙin dama tsawonsa daban ne.

Ga masu ƙira ta biyu, daga 1998, babu kebul. Sensa ce a giyabos, kuma in ta mutu na'urar binciken mota takan nuna lambar P0500. A nan soket da waya ake fara dubawa.

Yanzu rawar sitiyari. Wannan tsohon ƙorafi ne a kan MX-5, masu ita a Amurka sun daɗe suna kuka da girgizar da ke zuwa daidai mil 65, wato kilomita 105, inda kai ma kake jin taka. Motar nauyinta tan ɗaya ne da 'yan kai, na farkon ma ba su kai tan ɗin ba, kuma ba ta da rufin ƙarfe da zai ɗaure jikinta. Ɗan rashin daidaiton da Camry za ta shanye ba ka ji ba, ita sai ta miƙo maka shi a tafin hannu. Girgizar da ke zuwa a wani gudu takamaimai, ta tafi in an wuce shi, alamar balansin ce. Lalataccen rak ba ya haka. Shi sako-sako yake sa sitiyari, da ƙwanƙwasa a kan gargada.

Kafin ka je wajen masu balansin, sa hannu ta cikin wili ka kankare busasshen taɓo, don shi kaɗai kan jawo wannan. Sannan a auna iska. Wannan mota iska fam 26 (psi) take so, yana rubuce a jikin ƙofar direba, masu faci kuma sun saba ɗura 40 ko fiye kamar ta haya. A kan iska 40 motar tsalle take yi kamar ƙwallo, sitiyari ya yi ta zillo. A wajen balansin ka tsaya da kanka ka kalli tayar tana juyawa a kan injin. Ka dubi bakin wilin ko yana lilo, alamar rami ya lanƙwasa shi, ka dubi saman tayar ko yana hawa da sauka. Tayar da wayar cikinta ta saki takan yi ƙulu, wannan ko dalma nawa aka liƙa ba za ta daidaita ba. Ka nemi a sa dalma ciki da waje, kuma injin ya nuna sifili a ɓangarorin biyu, ba "ya isa haka" ba. Idan tayoyin na hannu ne, lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar za su gaya maka mako da shekarar da aka yi su. Akwai kuma dabara ta kyauta: mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama mai laifin.

Idan wilin ba na asali ba ne, a auna ramin tsakiyarsa. Na wannan mota milimita 54.1 ne. Wili mai faffaɗan rami zai shiga, notuna huɗun za su ɗauru, amma yana iya zama a ɗan gefe. Ana sayar da zoben da ke cike gurbin. In kuma girgizar sai ka taka birki take zuwa, to faifan birki ne, ba taya ba.

Sai an gama da wannan za a taɓa ƙafar motar. A ɗaga gaba, a kama taya dama da hagu a girgiza, wani yana kallon tayarod, sandar da ke haɗa rak da taya. A sake kamawa sama da ƙasa, wannan na boljoyin da boris ne. Da motar a ƙasa, tayoyi a miƙe, a ɗan motsa sitiyari: bai kamata ya yi tafiyar banza fiye da santimita uku ba kafin taya ta amsa. A matsa robar da ke rufe bakin rak ɗin, in ta yage ko tana cike da mai, a lokacin ne maganar bakanikenka za ta fara samun gindin zama. Ko a nan ma sau da yawa tayarod na ciki ne ya ci, kuma ana canja shi shi kaɗai.

Maganar cire sitiyari a mayar da shi daidai kuwa, kada ka yarda. Sitiyarin ba shi ya karkace ba, tayoyin ne ba sa kallon inda ya kamata, kai kuma kake karkata shi don motar ta miƙe. In aka cire shi aka gyara masa zama, ido zai ga daidai, amma rak ɗin ya bar tsakiyarsa: motar za ta fi shan kwana ta ɓangare ɗaya, sigina ta daina komawa a kan lokaci, taya kuma ta ci gaba da cinyewa. Ga wani haɗarin. Taka tana da jakar iska, kuma a bayan sitiyarin akwai wata naɗaɗɗiyar waya mai laushi da ke kai wuta ga hon da jakar. Iya juyin da aka auna mata take yi, in aka mayar da ita ba a tsakiya ba sai ta tsinke ranar da ka murza sitiyari har ƙarshe. Duk wanda zai taɓa wajen, ko don wani dalilin, ya fara cire kan batir, wanda a but yake a wannan mota, ya jira wasu mintoci.

Gyaran gaskiya alaimen ne na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba. MX-5 tana cikin motocin da ake saita ƙafafunsu na baya, da wasu kusoshi masu karkataccen wanshal a gindin hannuwan ƙasa. Rami ɗaya mai kyau ya isa ya gusar da ɗaya daga ciki, bayan motar ya riƙa tura ta gefe, sitiyari ya karkace alhali gaba lafiya lau. Mai aikin kirki baya yake fara saitawa, ya kulle sitiyari a tsakiya, sannan ya daidaita gaba ta tayarod, yana rage wannan yana ƙara wancan. Motocin da suka zauna a jihohin Amurka masu zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kusoshin nan sukan yi tsatsa su haɗe da bushin, don haka a fesa musu mai kwana ɗaya kafin a je, kuma ka shirya sayen sababbi in sun ƙi motsi.

Jerin aikin ke nan yadda zan bi shi: iska, sannan girman taya, sannan balansin, sannan girgiza ƙafa, alaimen a ƙarshe bayan an canja duk abin da ya ci, in ba haka ba sau biyu za ka biya. Kebul kuwa kowace rana aka samu dama. Idan ramukan hanyarku ba za su bar ka ka koma 185/60 ba, 185/65 R14 ta fi wadda nake zaton an sa maka, bambancinta kashi uku ne kawai, sai ka riƙa tuna cewa 100 a agogonka wajen 103 ne a titi.