Ga ƙanena da barci ya ƙaurace masa

Assalamu alaikum ƙanena. Tun shekaranjiya na karanta tambayarka, na so in amsa nan take, sai na ga maganar ba ta tsaye ba ce, na bari sai da na samu zama. Ka ce shekarunka 39, kana gidan haya da mata da 'ya'ya uku, sa'o'inka sun gina gidaje sun sayi motoci, kai kuwa albashi ba ya kai ka tsakiyar wata. Ka ce wani amininka ya ci amanarka a kan kuɗi, tun daga ranar ka daina yarda da kowa, in dare ya yi kuma idonka biyu har asuba. Sannan ka tambaya a wane shekaru ne hankalin mutum ke kwanciya, kuma anya akwai sauran mutanen kirki a duniyar nan.

Abin da ya sa na kasa wuce tambayar shi ne shekarun da ka ambata. Ni ma ina da 39 ne lokacin da rayuwata ta kife. Bari in ba ka labarin yadda yake, ka ɗauki abin da zai yi maka amfani.

A Tudun Wadan Kaduna aka haife ni a 1961. A 1982 na samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ku yaran yanzu da kuke wucewa ta wajen kuna ganin ciyawa ta rufe gine-gine ba za ku gane abin da wurin yake ba. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙa ta farko a Kaduna, sauran suka biyo baya. Injuna ba sa tsayawa, ana aikin safe, na rana da na dare. In an tashi aiki titi cika yake da kekuna, mai abinci ta sayar, mai shayi ya sayar, mai gidan haya ya samu. Bahaushe, Bajju, Tibi, Bayarabe, Inyamuri, duk a gaban inji ɗaya muke, ƙurar auduga ɗaya muke shaƙa.

A lokacin ina ganin ba abin da ya raba ni da kwanciyar hankali sai keke sabo da rediyo. Na saya. Sai zuciya ta ce aure, na yi. Sai ta ce babur. Kullum kuma sai na ga sababbin Peugeot 504 da ake harhaɗawa nan kusa da mu suna wucewa, in bi su da ido. Na lura da wani abu tun a lokacin, amma ban fahimce shi ba sai daga baya: duk abin da na samu, daɗinsa ba ya wuce wata biyu ko uku, sai ya koma kamar da shi aka haife ni, ido ya koma kan na gaba. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, albashin da yake isar mu har da ragi ya koma sai an haɗa da bashin mai kanti. Haka dai aka yi ta lallaɓawa.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 rikicin Shari'a ya ɓarke. Muna zaune a gidan haya a kudancin gari, ni da maman yara da 'ya'yanmu huɗu, ƙaramar ba ta cika shekara biyu ba. Kafin la'asar hayaƙi ya rufe sama, ana jin ihu ta kowace kusurwa, hanyar haye gada zuwa wurin danginmu kuma ta toshe. Maƙwabcinmu wani kafinta ne mutumin Zonkwa, Kirista, ɗakinsa na kallon nawa. Shekara tara muna tare, ba za a ce aminai ba ne, gaisuwa ce da aron guduma da tuwon salla da shinkafar Kirsimeti. Shi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce mu fito maza. Ya shigar da mu ƙuryar ɗakinsa, ya jawo katakon aikinsa ya jingina a bakin ƙofar, shi kuma ya ɗauki benci ya zauna a waje.

Kwana biyu muka yi a ɗakin nan. Matarsa ce ke miƙo mana abinci da ruwa, har da buta, don ta san za mu yi alwala. Ina ji da kunnena samari suka zo suna tambayar ina Hausawan gidan nan, ya ce sun gudu tun safe. Suka ce za su duba, ya miƙe ya ce ba mai shiga ɗakin matarsa. Ƙaramar 'yarmu ta fara kuka, sai matar kafintan ta ɗaga muryarta tana yi wa nata ɗan faɗa don ta rufe kukan. Ƙanena, har yau in na tuna wannan dabara ta baiwar Allah nan sai na ji ƙwalla. Ba wanda ya koya mata, ba ta kuma da lokacin tunani. Abin da ke cikin zuciyarta ne ya fito. A rana ta uku ya samo sojoji suka kai mu bariki.

Bayan ƙura ta lafa na tambaye shi abin da ya sa ya sa ransa da na iyalinsa a haɗari saboda mu. Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai, ya ce, "To ina kake so in kai ku? Yaranka da nawa a tabarma ɗaya suke barcin rana."

Ban ce maka ba a yi mugunta a kwanakin nan ba. An yi wadda baki ba zai iya faɗa ba, ta kowane ɓangare, na rasa abokan aiki Musulmi da Kirista. Daga wannan rikici da na Nuwamban 2002 garin ya rabe, kogin Kaduna ya zama iyaka, mu muka tattara zuwa Rigasa da Tudun Wada da Kawo, su suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television. Amma na san gidaje a Tudun Wada da suka ɓoye Kiristoci kamar yadda aka ɓoye mu. Duniya ta san labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba, Wuye har ya rasa hannunsa a rikicin 1992, daga baya suka haɗa kai suna sasanta jama'a. Irin kafintan nan kuwa ba jaridar da ta buga sunansu, kuma suna da yawa. Mugu yana da amo, shi ya sa ake ganin kamar ya cika gari. Mai kirki yakan yi nasa ne ya koma bakin aikinsa.

Ba a daɗe ba masaƙarmu ta rufe. Wuta babu, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada, atamfar waje ta fasa-ƙwauri ta cika kasuwa a kan rabin kuɗin tamu. Wata safiya muka zo muka tarar da ƙofa a garƙame. Shekara ashirin na aiki, haƙƙoƙinmu muka yi ta bi har wasunmu suka mutu ba su karɓa ba. Ɗan abin da na tara, naira dubu 120, na danƙa wa wani abokina da muka yi makarantar allo tare, ya ce zai saya mini fili a Rigasa. Ashe filin ya riga ya sayar wa wani. Ka ga ke nan ciwon da kake ji na san shi.

Na yi acaɓa shekara uku ina da furfura a gemu. Daga nan na koma kasa gwanjo a Kasuwar Barci. Mutumin da ya saƙa sabon yadi da hannunsa, yau shi ke ɗaga tsohuwar rigar Turai yana kiran masu saye, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Dattawan kasuwar sukan ce sunan ya samo asali ne tun lokacin da aka kwaso 'yan kasuwa daga babbar kasuwa aka kawo su wurin, ba masu saye, sai su yi ta gyangyaɗi a rumfa. Wani tsoho da rumfarsa ke kusa da tawa yakan tuna mini da wannan in ya ga na yi tagumi, ya ce kasuwar da aka yi wa suna da barci ga ta yau ba wurin sa ƙafa.

Amma ka san abin da ya fi talaucin cin raina? Abokin nan. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da shi a ƙirjina. In na kwanta sai in yi ta shirya maganar da zan faɗa masa, in na yi sujada shi ne a gabana. In na ji an ce ya sayi wani abu, ranar ba na cin abincin kirki. Hawan jini ya kama ni ina da 46. Shi yana can yana harkarsa, ni nake biyan kuɗin magani.

A duk tsawon shekarun nan akwai wadda ban gani ba, alhali tana gabana. Maman yara ta sayar da 'yan kunnenta na aure ta sayi keken ɗinki. Da ɗinki da adashi ta riƙe kuɗin makarantar yara. Sau da yawa in na dawo ba ko sisi, sai in tarar ta sa kuɗin cefane a aljihun rigata da ke rataye, don da safe in ciro in miƙa mata a gaban yara kamar ni na kawo. Ba ta taɓa ambata ba, ko da muna faɗa. Ina zaune ina cewa mutanen kirki sun ƙare, ga wadda ke rufa mini asiri kullum a ɗaki ɗaya da ni. Wannan shi ne abin da na fi nadama a rayuwata, kuma shi nake so ka duba a gidanka tun yau.

A 2014 abokin nan ya rasu. Na yi niyyar ba zan je ba, maman yara ta ce in je ko don mahaifiyarsa da ta sha ba ni tuwo ina yaro. Kafin a sallaci gawa sai ƙaninsa ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya yi magana. Na dubi makarar, na dubi 'ya'yansa ƙanana a tsaye, babban bai fi shekara goma sha biyar ba. Na tuna ni ma an taɓa ba ni raina da na 'ya'yana kyauta, ba don na biya komai ba. Na matsa kusa da ƙanin na ce masa a hankali akwai wata magana tsakanina da marigayi, na yafe duniya da lahira. A daren nan na yi barcin da rabona da irinsa tun muna Kakuri.

Kada ka ɗauka ina cewa ka bar haƙƙinka. In da hanyar karɓa, ta manya ko ta hukuma, ka bi, addini bai hana ka ba. Sai dai ka raba neman kuɗinka da ɗaukar mutumin a zuciya, don na biyun nan kai yake ci.

Maganar shekaru kuwa, ban ga shekarar da ke zuwa da kwanciyar hankali a aljihunta ba. Ina saurayi tsorona kada a bar ni a baya. A shekarunka tsorona kada in kasa riƙe gida. Yanzu da na haura sittin gwiwa ta fara ƙi, kusan kowane wata sai na raka wani sa'ana makwanci, tsoron ya koma na abin da zan tarar. Allah ya faɗa a Suratur Rum cewa ya halicce mu daga rauni, ya ba mu ƙarfi, sannan ya mayar da mu ga rauni da furfura. A Suratul Ahƙaf kuma ya ambaci shekara arba'in, addu'ar da ya koya wa mai wannan shekaru ta fara ne da roƙon ikon gode wa ni'imar da aka yi masa, shi da iyayensa. Na daɗe ina karanta ayar ban lura ba cewa a daidai lokacin da mutum ya fi ƙirga abin da ya rasa, a nan aka ce ya ƙirga abin da aka ba shi. Ni ban gina gida ba sai ina da 55, ɗaki uku ne a Rigasa, kuma wallahi natsuwar da na samu ta riga ginin zuwa. Cikin sa'o'ina da suka riga ni gini akwai wanda ya sayar da nasa don jinya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. Ka je a auna jininka cikin makon nan, ko a kemis ne. Ka daina kwanciya da waya a hannu kana kallon gidajen mutane da motocinsu, ba wanda ke ɗora hoton bashin da ake bin sa. Ka riƙe azkar na safe da yamma. In kuma abin ya wuce makonni, abinci ya fita ranka, ka ji ba ka son ganin kowa, ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ka ga likita. Ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba, damuwa ciwo ce kamar kowane ciwo, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Ka kuma samu mutum ɗaya, babba, da za ka riƙa buɗe wa cikinka. Ni da na yi haka da wuri da ban kai shekara goma sha ɗaya ina dakon mutum ba.

Kafintan nan yana nan da ransa, yana Sabon Tasha wurin babban ɗansa, ido ya yi rauni, ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, mun je da maman yara har Zonkwa. 'Yar nan tamu da ta yi kuka a ƙuryar ɗakinsa yanzu tana da 'ya'ya biyu, lokacin aurenta shi ya sa ɗansa ya yi mata gado da kujeru, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ran Asabar in Allah ya kai mu zan haye gada in duba shi, ta ba ni zuma da man zafi in kai masa saboda ƙafarsa.

Allah ya yaye maka, ya sanya albarka a iyalinka. In ka auna jinin ka sanar da ni abin da aka ce.