Abin da ya haɗa ƙwayar cuta da bairus ɗin kwamfuta

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake kiran abin da ke lalata kwamfuta da sunan ƙwayar cuta. Ai hali ne ya zo ɗaya. Bairus, wato wani nau'in ƙwayar cuta da ke kama jiki, ba ya hayayyafa shi kaɗai, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jiki ya tilasta mata ta yi ta ƙera irinsa. Na kwamfuta ma maƙalewa yake a fayil, kana buɗewa ya bazu.

Nan Saudiyya mun ga duka biyun a 2012: cutar numfashi ta MERS da ake alaƙantawa da raƙuma, da bairus ɗin kwamfuta mai suna Shamoon da ya goge kwamfutocin kamfanin mai na Aramco kusan 30,000. Ni kam tun da filashin wani ya cinye min hotunan Arfa, ba na ƙara soka filashin aro a kwamfutata.