Hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa: amsa ga mai haya a Landan

Wani ɗan'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Landan ya rubuto mini. Gidan da yake haya na wani dattijo ne ɗan garinsu, wanda ya riƙe shi tun saukarsa. Boilar gas da ke ɗumama gidan tsohuwa ce, tana cikin kabad a kicin. Da sanyi ya kama, sai ya ga wata kafa mai raga a jikin bango tana huro iska, ya toshe ta da kwali da salatif. Mako uku ke nan mai ɗakinsa, wadda ke da juna biyu, tana fama da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, amma da ta fita unguwa sai ta ji dama. Ya kuma lura da baƙin tabo kamar kunkunniya a bango, saman boilar. Yana jin nauyin dattijon, yana tsoron kada magana ta kai ga hukuma ta taɓa bizarsa. Wani abokinsa mai gyaran famfo ya ce zai duba masa kyauta.

Ɗan'uwa, ajiye komai ka kashe boilar nan yanzu. Ka ɓalle kwalin, ka buɗe tagogi, ka fita da iyalinka waje, sannan ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999. Kyauta ce, dare da rana akwai mai ɗauka. Daga nan ku wuce sashen gaggawa na asibiti, ka faɗa musu da bakinka cewa kana zargin gubar hayaƙi ce, wato kabon monoksayid, kuma tana da ciki. Kada ku bari sai gobe, domin gubar tana raguwa a jini da zarar mutum ya sha iska, gwaji ya zo bai nuna ainihin abin da ya faru ba. Na san mata za su ce laulayi ne. Laulayi ba ya sakin mace a bakin ƙofa ya jira ta dawo.

Wannan guba mun san ta tun a gida, suna ne kawai ba mu ba ta ba. Ita ce ke kwantar da iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin falo, ita ce ta kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da ita. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Ɗan da ke ciki ya fi uwar shiga haɗari.

Kafar da ka toshe hancin boilar ce. Irin tsofaffin nan daga cikin ɗaki suke zuƙar iskar da wuta ke ci, su tura hayaƙi waje ta bututu. Ka toshe hancin, wuta ta kasa ci da kyau, bututu ya kasa ja, hayaƙi ya dawo kicin. Sababbin kuwa a rufe suke ruf, bututunsu biyu ne ɗaya cikin ɗaya: na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shigo da iska. Su ma in mahaɗa ta saki ko bakin bututun ya toshe, sai a samu matsala. Saboda haka kowane mai haya ya riƙa zagayawa bayan gida yana kallon inda bututun ya leƙo. Farin tururi a ranar sanyi ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne sheƙar tsuntsu, ganye mai yaɗo da ya rufe bakin, rumfa ko tarkacen da aka jingina a wurin, tsatsa, ko bututun da ya karkace. A ciki kuma, harshen wuta ya zama shuɗi tsaye. In ya koma rawaya yana rangaji, ko yana yawan mutuwa, ko gilashin taga yana ta gumi fiye da kima, to akwai magana.

Abokinka ka gode masa, amma kada ya taɓa. A Birtaniya babu wanda doka ta yarda ya yi aikin gas sai mai rajista da Gas Safe Register, wato hukumar rajistar masu aikin gas. Duk injiniyan da ya zo, ka nemi katinsa: gaba akwai hoto da lamba, baya kuma an jera irin aikin da aka amince ya yi. Ka duba ka ga boila a ciki.

Gyaran nan ba aljihunka ba ne. Dokar gas ta 1998 ta ɗora wa mai gidan haya kula da boila da bututunta, da sa a duba su duk wata 12, ya kuma miƙa wa mai haya takardar binciken cikin kwana 28. Sabon mai haya tun kafin ya tare ake ba shi. Takardar nan ce ake ce wa CP12. Tun 1 ga Oktoba 2022 kuma, wajibi ne a Ingila mai gida ya sa na'urar ƙararrawa ta kabon monoksayid a ɗakin da boila take. In babu, sayi taka yau, kuɗinta bai wuce cefanen yini biyu ba.

Batun biza kuwa, kwantar da hankalinka. Bizarka da wurin aikinka take ɗaure, mai gidan haya ba shi da hannu a ciki. Masu amsa kiran gas aikinsu gas ne, kuma kulawar sashen gaggawa kyauta ce ga kowa. In mai gida ya ƙi gyara, akwai sashen gidaje na kansul ɗinku, wato ƙaramar hukuma, akwai hukumar HSE mai kula da wannan doka.

Amma ban so ka fara daga can. Dattijon nan ya yi maka alheri, ka je masa da ladabi. Ka gaishe shi, ka nuna masa hoton tabon, ka ce, "Baba, ga abin da ya kai mu asibiti, kuma in wani abu ya faru kai doka za ta tuhuma, shi ya sa na zo da wuri." Mai yiwuwa shi ma bai san nauyin da ke kansa ba. Bayan kun rabu ka tura masa saƙo a rubuce, a samu shaidar rana.

Har zuwa lokacin da injiniya zai sa hannu, boilar ta zauna a kashe. Ku ji ɗumi da hita mai lantarki. Kada a kunna murhun gas ko oben don ɗumama ɗaki, kada a shigo da gawayi. Turaren wutar uwargida ma, a yi shi taga a buɗe. Allah Ya sauke ta lafiya.