Sensa ta samu wutar lantarki amma ta ƙi magana da kwamfuta

Tambaya: Injiniya, ni mai gyaran lantarki ne a wata masana'antar shinkafa a Sharaɗa. An kawo mana sensar auna zafi da danshi ta ɗakin ajiya, mai aiki da RS-485 (tsarin wayar sadarwa tsakanin na'urori) da Modbus RTU (yaren da suke magana da shi a kan wayar). Na ba ta wuta, ƙwanta ya kama, na haɗa ta da laftof ta kwanbatar USB (na'urar da ke juya siginar RS-485 zuwa USB), amma manhaja sai ta ce babu amsa. Kwana biyu ke nan. Ko lalatacciya aka sayar mana?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka mayar da ita tukuna. Sensar Modbus ba ta fara magana da kanta. Sai an kira ta da adireshinta, da saurin da ta sani, sannan ta amsa. In ɗaya ya kauce, shiru za ta yi maka. Haka kamfanin Modicon ya tsara abin tun 1979: mai tambaya ɗaya ne a layi, saura masu amsawa.

Ciro ta daga bango ka ɗora a tebur, da waya da ba ta wuce kamu biyu ba. Tabbatar laftof ya ga kwanbatar, ya ba ta lambar COM, wato lambar kafar da manhaja za ta bi ta yi magana da ita. Yawancin masu arha da ake samu a Sabon Gari suna da cif ɗin CH340, wani lokaci sai ka sa direbansa, wato manhajar da ke sa laftof ya gane shi, da hannu.

Sai wayoyin A da B, inda na fi zargi. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan sunayen nan ba, abin da wannan ya kira A wancan B yake ce masa, wasu ma D+ da D- suke rubutawa. Na taɓa yini guda a wata masana'anta a Bompai ina zargin manhaja, ashe wayoyi biyu ne a juye. Musanya su ka gwada, ba ya ƙona komai. Wanda ke ƙonawa shi ne ka kuskure ka sa bolt 24 a kansu.

Daga nan saiti. Ƙa'idar Modbus ta asali ta tanadi fariti (bit ɗin tantance kuskure) na EVEN, amma yawancin ƙananan sensocin nan suna fitowa da bod (saurin aika saƙo) 9600, bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa 1, adireshi 1. Duba takardar da ke cikin kwali. Adireshi daga 1 zuwa 247 yake. Sifili na sanarwar gama-gari ne, ba mai amsa shi. Riƙa canza abu ɗaya kana gwadawa, kana rubutawa. Mai juya uku a lokaci guda ko ya dace bai san me ya gyara ba.

Buɗe tagar da ke nuna ɗanyen saƙo a manhaja irin su Modbus Poll ko QModMaster. Za ka ga abu kamar 01 03 00 00 00 02 C4 0B. Ma'anarsa: sensa mai lamba 1, umarni na 03 wato karanto, fara daga gurbi (ma'ajin awo a cikin sensa) na sifili, kawo gurbi biyu. Biyun ƙarshe lissafin tantance kuskure ne. In ta dawo maka da 01 83 02, yi murna, ta ji ka, gurbin da ka nema ne babu. Nan ma akwai tarko: gurbin da takarda ta kira 40001 shi ne sifili a kan waya. Wasu kuma da umarni na 04 suke ba da awo. In ka ga 01 81 a cikin amsa, lambobin heksa ne (ƙidaya ta goma sha shida), a ƙidayarmu 385 ke nan, kuma a irin waɗannan sensoci galibi ana rabawa da goma, digiri 38.5, zafin Kano na watan Afrilu.

In ta yi magana a tebur ta kuma yi shiru a ɗakin ajiya, laifin waya ne. RS-485 tana kai wa mita 1200 a ƙaramin sauri, amma da waya mai murɗaɗɗen biyu, ba ragowar wayar fanka ba. Ja ta daga sensa zuwa sensa a jere, kada ka yi mata rassa. Sa resisto mai om 120 a farkon layi da ƙarshensa kawai. Ka nisanta ta daga wayoyin inbatar manyan injina, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin. Da na ji an ce awo yana ɗaukewa idan injin casa ya tashi, na san a kwata ɗaya aka kwantar da wayar sensa da ta inbata. Haɗa wayar GND (giraun) ta sigina tsakanin na'urorin, rigar wayar kuma a kai ta ƙasa ta gefe ɗaya.

In za ka ƙara wasu sensocin, ba kowace adireshinta a tebur, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka jera su, don duk da lamba 1 suke zuwa. Da yawansu sai ka kashe ka kunna kafin sabon adireshin ya zauna. Rubuta lambar da alƙalamin maka a jikin kowace.