Yadda za ka gane abin da ke cikin faifan tarin kiɗan Japan

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa faifan da aka rubuta wa "kiɗan gargajiyar Japan" yake fitowa kamar kasuwa, kowace waƙa da nata salon. Dalili shi ne masu haɗawa suna zuba nau'i huɗu ko biyar wuri guda.

Fara da duba sunayen waƙoƙin. Wanda ya ƙare da bushi ko ondo galibi min'yo ne, waƙoƙin manoma, masunta da bukukuwa. Idan ka ji shamisen, wato irin molon Japan mai tsirkiya 3, ana dukansa da ƙarfi da sauri, salon Tsugaru ne na yankin Aomori da ke arewacin Japan. Sanshin na tsibiran Okinawa da ke kudu ɗan'uwansa ne, amma fatar maciji ake rufa masa, kuma zubin sautinsa daban ne, kunne na kama shi nan take. Koto, dogon kayan kiɗa da ake shimfiɗawa a kaɗa, tsirkiya 13 gare shi. Shakuhachi sarewar gora ce mai huda 5, tsawonta kusan santimita 54. Gagaku kuwa kiɗan fada ne, mai tafiya a hankali ƙwarai.

Inda ake tafka kuskure: a sa gagaku kusa da enka (waƙoƙin bege na zamani) ko kiɗan zamani mai ganguna na lantarki. Tsoffin naɗe-naɗe ba su da ƙarar sababbi, sai ka yi ta murɗa sauti. Wasu kuma suna yanke dogon kiɗa zuwa minti 3, ya rasa ma'anarsa.

Ni dai na fi son faifan da ya tsaya kan yanki ɗaya, kamar Okinawa ko kiɗan tonkori (kayan kiɗa mai tsirkiya) na al'ummar Ainu a tsibirin Hokkaido, mai ɗan littafi da ke nuna shekarar naɗi da sunan makaɗi.